Tsakanin "Ban Sani Ba" Da "Oho"

 Da sunan Allah nake farawa, tsira da amincinsa su tabbata ga Manzonsa.

Wannan karon ba zancen tsadar wake ko kuɗin mota daga Arewa na zo da shi ba. Wata 'yar kalma ce ta hana ni sakat tun tsakiyar daminar bara, har na ga gara in amayar da abin da ke cikina ko na samu sauƙi. Kalmar ita ce "oho". Harafi uku ce kacal, ɗan yaye ma ya iya ta, kuma da wuya gari ya waye rana ta faɗi ba ka ji ta sau goma ba tsakanin gida da kasuwa. Ni da kaina na yi shekara hamsin da ɗoriya ina faɗinta ban taɓa tsayawa na auna nauyinta ba, sai da ta jawo mini abin da zan ba ku labari.

Mu fara da ma'anarta. In ka je shagon mutum ka tarar da yaronsa, ka ce, "Ina maigidanka?" ya ce maka, "Ban sani ba," to labari ya ba ka game da iyakar saninsa. Kana iya ƙara tambaya: tun yaushe ya fita, ta ina ya bi, ko ya bar sallahu. Amma in ya taɓe baki, ya ɗaga kafaɗa, ya watsa hannu ya ce, "Oho," magana biyu ya gaya maka a dunƙule. Ta farko, ban sani ba. Ta biyu, ban kuma damu in sani ba. Wannan ta biyun ce take sa ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji, ka juya ka tafi ba ka sake cewa komai ba. Shi ya sa a gidan da aka san tarbiyya yaro ba ya ce wa babba oho. Mu dai a zamaninmu, in uba ya tambaye ka ina ƙanenka ka ce oho, kafin ka rufe baki ka ji saukar mari. A lokacin muna ganin zafin zuciya ne irin na tsofaffi. Ashe su sun fahimci cewa yaron ba amsa ya bayar ba, cewa ya yi da mai tambayar da wanda ake tambaya a kansa, duk ba su kai ya motsa ba.

Ba kowace oho ce mai laifi ba. Akwai wadda ake ja, ta ganewa, kamar ka ce, "Ohoo, ashe kai ne ɗan gidan!" Wannan daban take, ko a kunne ba iri ɗaya ba ne. Akwai kuma ta ƙarshen zance, wadda mu 'yan kasuwa muka fi kowa amfani da ita: "Ko motar ta taso daga Dawanau ko ba ta taso ba, oho." Mai faɗin haka ya damu, kuɗinsa ne a ciki, labari ne dai bai iso shi ba. Akwai "oho dai", ta mayar da martani, wadda ake ce wa mai gori: faɗi duk abin da za ka faɗa, ni dai na riga na samu. Wadda nake nufi ita ce ta "oho masa" da "ko oho", wato ka ga abu ko ka ji shi, ka zare hannunka, ka wuce abinka.

Kuma wannan ɗin tana da dangi da yawa a bakinmu. Akwai ba ruwana, akwai ina ruwana, akwai su ƙarata can. Ana cewa ya yi biris, ya yi kunnen uwar shegu, ya yi shakulatin ɓangaro da maganar. A rediyo kuwa sai ka ji an ce halin ko-in-kula. Karin magana ma ba a bar ta a baya ba: ko a jikina, an tsikari kakkausa. Yaranmu da aka haifa nan Ibadan sun ƙaro da ta maƙwabta, sai ka ji yaro ya ce "ko kan mi", wato bai shafe ni ba. Duk abin da ka ga mutane sun yi masa sunaye barkatai haka, to sun daɗe suna zaune da shi.

Ga abin da ya faru. Akwai wani yaro ɗan ga-ruwa da yake tura kura a layinmu. Ba zai wuce shekara goma sha tara ko ashirin ba. Ci-rani ya zo, kamar yadda da yawa daga cikinmu ko iyayenmu suka zo. Shi ke cika randar masallacinmu kafin Azahar, kuma sau tari in an miƙa masa kuɗi sai ya ce a bar shi, na Allah ne. Yakan bi ni sallar Asuba a sahun farko, can gefen dama. Kusan wata takwas muna tare. "Mai ruwa" muke ce masa, ya amsa.

Wata safiya na fito da sauri, an bugo mini waya cewa motar wake ta iso Bodija, ana jira na a sauke kaya. Sai wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da abinci a bakin layi, wadda ta iya Hausa kamar jakin Kano, ta tare ni ta ce, "Alfa, ina yaronku mai ruwa? Yau kwana biyu bai kawo mini ba." Ina tafiya ina gyara hula na ce mata, "Oho, Iya, yaran nan ai haka suke, ƙila ya koma gida." Na hau okada na tafi.

Washegari da La'asar wasu yara masu ƙwallo suka same shi a wani kango bayan masallaci, inda ashe nan yake kwana. Zazzaɓi ya kayar da shi, ko ruwan da zai sha ba ya iya tashi ya ɗauka, shi da sana'arsa ke nan shayar da unguwa. Daga inda nake tsayawa in ja salla zuwa inda yake kwance bai kai taku arba'in ba. Muka kai shi asibiti, kafin Asuba rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da aka zo rubuta takarda aka tambaye mu sunansa, sai muka shiga kallon-kallo. Mutum shida ne a wurin, har da ni da nake limancinsa, ba wanda ya sani. Muka nemi abokan sana'arsa, su ma laƙabi kawai suka sani, sai kuma cewa harshensa ya yi kama da na mutanen yamma, wajen Sakkwato ko Zamfara. A jakarsa akwai riga biyu, da carbi, da 'yan kuɗi a ƙulle cikin leda, da alama tarin guzurin komawa gida ne. Babu waya, babu takardar da za ta nuna garinsu. Kuɗin likkafani kuwa, wallahi kafin in gama sanarwa an tara har ya yi rara, kuma abin da aka tara ya isa a sayi magani tun ranar da ya kwanta. Ni na yi masa salla, sahu ya cika har titi. Yau fiye da shekara ke nan, na tabbata akwai wata uwa a wani ƙauye da har yanzu in ta ji tsayuwar mota sai ta leƙo.

Na san wani zai ce, Malam, ai kwana ne ya ƙare. Haka ne, kuma na yi imani da hakan. Ko likitocin duniya aka tara ba za su ƙara masa numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta masa ba. Amma ni ba a kan ajalinsa za a tambaye ni ba. Abin da ke hana ni barci shi ne Allah ya turo mini mai tunatarwa har bakin layi, ta ce "yaronku", ta jingina shi gare mu, ni kuwa na ture shi da kalma guda. Da "ban sani ba" na ce, da wataƙila ta ce to a duba, ko ni in ce wa wani yaro ya leƙa. Oho ce ta kashe maganar a nan take.

To amma kada a ɗauka cewa nake yi mutum ya riƙa tsoma baki a komai. Addininmu ya san muhallin kawar da kai. A Arba'una Hadisi ta Imam Nawawi da muka haddace a Islamiyya, hadisi na 12 yana koya mana cewa barin abin da bai shafi mutum ba alama ce ta kyawun Musuluncinsa. Me maƙwabcinka ya dafa, nawa ya samu a cinikin jiya, me ya sa matar wane ta yi yaji, da wane kuɗi wane ya sayi mota: duk wannan in ka ce oho ka huta, ka kuma hutar da mutane. Wanda ya iya irin wannan ohon ya tsira daga gulma da hassada da binciken asirin bayin Allah. Sai dai ku duba hadisin da ke biye da shi, na 13. Shi kuma yana nuna imanin mutum ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa irin abin da yake so wa kansa. Tun muna yara muke rera su a jere, ban lura da hikimar jerin ba sai yanzu. Na farko ya ce ka cire idonka daga sirrin mutum, na biyu ya ce kada ka cire zuciyarka daga halin da yake ciki.

Mu kuwa sai muka yi musu musanye. A majalisa, in an ɗauko zancen auren wani ko bashin da ake bin wani, ba mai cewa oho, kowa yana da abin ƙari. In aka ga baƙo ya yi ƙablu ko ya yi sadlu a masallaci, kafin a sallame an san ɓangaren da za a ajiye shi. Saƙo ya shigo WhatsApp cewa an yi kaza a gari kaza, ba a tantance ba, kowa ya tura wa mutum ashirin. Amma a ce yau kwana biyu ba a ga wane a sahu ba, ko gidan wance marainiya ba a ga hayaƙi ba, ko ɗan wane ya fara zama da masu shaye-shaye a bayan tasha, nan ne za ka ji an ce, "To, oho, kowa tasa ta fisshe shi." Yaron nan na san yadda yake riƙe hannunsa a salla, ban san sunan ubansa ba.

Abin da ya sa wannan ya fi zama aibi a wurinmu shi ne ita kanta Sabo ba da oho aka gina ta ba. Tun 1916 da aka ware wa Hausawa wannan wuri, abin da ya riƙe unguwar shi ne tsarin maigida da baƙonsa. Bafatake ya sauko da shanu daga Arewa, ko ya zo sayen goro, bai san kowa ba, bai iya yaren gari ba. Maigida ya sauke shi, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba da kaya bashi. In baƙo ya kwanta ciwo, maigida ne. In ya shiga hannun hukuma, maigida ne. In ya rasu, maigida ya san garin da za a aika. Ban ce don Allah kaɗai suke yi ba, akwai la'ada a ciki, kasuwanci ne. Amma kasuwanci ne da ya tsaya a kan cewa ba a barin baƙo ba mai shi. Mahaifina a haka aka karɓe shi, kuma da wanda ya sauke shi ya ce oho, da ban san inda zan kasance yau ba. Yanzu yara suna sauka daga bayan tirela a Ojoo ko Shasha da tsakar dare, ba maigida, ba mai tambaya, su kwana inda dare ya yi musu. Tsohon tsari ya ja baya, ba mu kuma sa wani a gurbinsa ba.

Sannan mai cewa oho yana zaton ya tsame kansa ne, alhali bai tsame ba. Hausawa suka ce, can ga su gada, in ji zomo da ya ji kiɗan farauta. Ya manta maharbi ba ya wuce zomo. Ku dubi kwatar layinmu. Kowa ya ga ana zuba shara a ciki, kowa ya ce ba ƙofar gidana ba ce. Mu da muke zaune a garin da Ogunpa ta yi ambaliya a 1980, aka sake ganin wata a watan Agusta na 2011, aka yi asarar rayuka da dukiya, ai bai kamata a koya mana abin da toshe hanyar ruwa ke haifarwa ba. Ruwa in ya tashi ba ya tambayar wa ya zuba leda. Haka rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, wanda ya faro daga cacar baki a kan kayan da suka zube a ƙofar shago, ya ƙare da rasa rayuka da ƙone shaguna da gidaje, har mutanen da ba su san hawa ba balle sauka suka kwana a waje da 'ya'yansu. Mu da muke zaune cikin wasu, laifin ɗayanmu da sunan dukanmu ake kiransa. Yaron da ka gani yana neman faɗa da mai gari ka ce ba ɗanka ba ne, in wuta ta tashi shagonka ba zai ce ba ruwansa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga mana misali da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa. Na ƙasa suka ga wahalar hawa ɗebo ruwa, suka yi niyyar huda wurin zamansu. In na sama suka ƙyale su, gaba ɗaya za a nutse. Hadisin yana cikin Buhari. Sabo ma jirgi ɗaya ce.

Akwai uzurin da nake ji, kuma ba zan raina shi ba, don ni ma na sha fakewa da shi. Mutum zai ce, Malam, zamani ya canja. Abin da zan ciyar da gidana ma da ƙyar, ina zan ɗauki na wani? Ka tsawata wa ɗan wani, uwarsa ta zo har ƙofar gida ta zazzage maka. Ka ɗauki wanda ya faɗi a hanya ka kai asibiti, a riƙe ka da tambayoyi kamar kai ka kayar da shi. Duk wannan yana faruwa. Kuma Allah bai ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Sai dai mu yi wa kanmu adalci: a mafi yawan wuraren da muke cewa oho, abin da ake nema gare mu bai kai haka ba. Ranar nan ba dukiyata aka nema ba, ba a ce in bar motar wake ba. Taku arba'in ne, ko in ce wa almajiri ɗaya je ka duba. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙafa, wanda ba shi da lokaci yana da bakin da zai sanar da mai iko. Kana da damar cewa ba zan iya ba, wannan gaskiya ce kuma ba laifi. Oho kuwa cewa take yi ko zan iya ma ba zan duba ba.

Malamai sun karantar da mu farilla iri biyu. Akwai ta kowa da kowa, kamar salloli biyar. Akwai kuma farillar kifaya, wadda in wasu suka yi ta sauka a kan saura, in kuwa ba wanda ya yi, kowa ya ɗauki zunubi. Wanka da sallar gawa suna cikinta, shi ya sa ba ma wasa da su. To ai ceton wanda ke cikin halaka da ciyar da wanda yunwa za ta kashe su ma nan suke. Haɗarin wannan farilla shi ne kowa yana zaton wani ya yi. Ni na zaci abokan sana'arsa sun san inda yake, su sun zaci mutanen masallaci na kula da shi, masu shago sun zaci ya tafi gida. Kowa ya ajiye ohonsa guda ɗaya, suka taru suka zama kwana uku.

Saboda haka ga roƙona, kuma da kaina na fara. A masallacinmu yanzu mun ajiye littafi. Duk baƙon da ya yi mako yana salla da mu, sai mu zauna da shi mu rubuta sunansa da na mahaifinsa, da garinsu, da lambar wani nasa, da inda yake kwana. Wasu sukan tsorata da farko, su zaci na hukuma ne, sai mun yi musu bayani. Ba ya cin ko sisi, kuma kowane masallacin layi zai iya. Masu shaguna da masu gidajen haya, ku san sunan mai kawo muku ruwa, da mai ɗauko muku kaya, da mai gyara muku takalmi. Wanda ka saba gani kullum, in ka kwana biyu ba ka gan shi ba, tambaya. Iyaye mata, ku da kuka fi mu sanin abin da ke cikin gidaje, in kun ga inda aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ku sanar a asirce ba tare da an tozarta kowa ba.

Ita kuma kalmar, ban ce a daina faɗinta ba. A ajiye ta don ranar da aka kawo maka gulma, ranar nan ka faɗe ta da ƙarfi. Amma in an tambaye ka game da lafiyar mutum ko inda ya shiga, ko da ba ka sani ba, ka ce, "Ban sani ba, amma bari a duba." Dattijuwar nan har yau in na wuce takan gaishe ni da fara'a, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Ni ne dai nake sunkuyar da kai.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa yaron nan addu'a, Allah ya san sunansa. Allah ya jiƙansa, ya ba mahaifansa haƙurin rashin da ba su ma san sun yi ba, ya yafe mana sakacinmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.